Kundin Aikin Kai Kwafin Sabobi daga Kano zuwa Cibiyar Ko-ta-kwana ta Abuja

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau hukumar gudanarwa ta amince a fara aikin samar wa kowace daga cikin sabobinmu na kama-da-wane guda 38 (kwamfutocin hidima da manhaja ke ƙirƙira a cikin na'urorin ƙarfe), waɗanda ke gudana a kan manhajar VMware vSphere a ɗakin sabobi na Kano, takwara a wata cibiya da muka kama haya a Abuja. Takwarar za ta zauna a kashe, ana sabunta faifanta a kai a kai, domin a iya kunna ta a ci gaba da hidimar abokan hulɗa idan Kano ta tsaya. An daɗe ana wannan magana, amma abin da ya sa aka daina ɗaga ta shi ne duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace. A wannan lokaci janaretocinmu sun yi ta aiki dare da rana babu hutu, kuma kowa ya ga cewa kwafin ajiyar da muke tinƙaho da shi yana cikin gini ɗaya da sabobin da yake karewa.

Girman fayafayan da aka ware wa sabobin terabait 31 ne, abin da ke cikinsu a zahiri terabait 18, wanda idan aka matse shi zai koma kusan terabait 10. Layin da ya haɗa mu da Abuja megabit 100 ne a daƙiƙa, watau gigabait 45 a awa idan an bar mana shi gaba ɗaya, kuma ba za a bar mana ba, domin rassa suna bi ta kansa. An yarda mu ɗauki megabit 30 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare, sannan megabit 80 a sauran awanni goma, jimilla kusan gigabait 550 a rana. Da wannan lissafi kwafin farko kaɗai zai ci kwana 18, idan layin bai yanke ko sau ɗaya ba. Saboda haka aka yanke shawarar a ɗauki kwafin tushe a na'urar ajiya a kai shi da mota, sannan a bar wa layi abin da ya canza kawai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na duba girman ƙarin ajiyar da ake ɗauka kowane dare a watan da ya wuce, kuma abin da na gani ya fi girman fayafayan damuna. Sabobin nan suna canza kusan gigabait 410 a rana bayan an matse, wanda ya kai kashi uku cikin huɗu na duk abin da layin zai iya ɗauka mana. Ma'anar wannan ita ce, da mun bi ta waya tun farko, abin da zai rage wa kwafin tushe gigabait 140 ne kacal a rana, kuma aikin zai wuce wata biyu. Ko da mota ta kai kwafin, layin da ya cika har wuya a ranar da komai ke lafiya ba zai taɓa biyan bashin ranar da ya yanke ba.

A ganina nan ne aikin yake. Girman fayafayai matsala ce da ake warwarewa sau ɗaya, amma canjin yau da kullum zai kasance tare da mu muddin cibiyar Abuja tana nan. Manhajar da muke amfani da ita, Veeam Backup & Replication, tana tambayar vSphere waɗanne gutsattsarin faifai ne aka taɓa tun tafiyar da ta gabata, ta hanyar tsarin CBT mai bin sawun abin da ya canza a faifai, sai ta karanta su kaɗai. Tsarin bai san abin da ke da amfani da wanda ba shi da shi ba. Duk gutsuren da aka rubuta a kansa dole ya kama hanyar Abuja.

Da aka bi sabobin ɗaya bayan ɗaya, uku ne suka ɗauki fiye da rabin nauyin. Babbar sabar rumbun bayanai tana rubuta nata kwafin ajiyar a kan faifanta kowane dare, kusan gigabait 120, kuma da yake fayil ɗin a matse yake tun asali, ba ya ƙara matsuwa. Wata kuma tana sake gina dukkan fihirisarta kowane dare ko da buƙata ko babu, abin da ke sake rubuta kusan gigabait 90 na bayanan da ma'anarsu ba ta canza ba. Ta uku sabar fayiloli ce da aka jingina wa bidiyon kyamarorin tsaro na harabar ofis.

Laraba, 14 ga Mayu

An kammala shirya ɓangaren Abuja: sabobin ƙarfe guda uku, ma'ajiya ɗaya, da saba mai shiga tsakani wadda za ta karɓi bayanai daga takwararta ta Kano. Mun mayar da sabar gudanar da aikin ajiyar kanta zuwa Abuja, domin idan ta zauna a Kano za ta tafi tare da abin da ake so ta ceto, kuma babu inda za a danna umarnin tayar da takwarorin. An buɗe tashoshin 2500 zuwa 3300 a katangar tsaro tsakanin masu shiga tsakanin biyu kaɗai.

Gwajin farko a cikin ramin IPsec, wato kullalliyar hanyar da bayanai ke bi tsakanin Kano da Abuja, ya nuna ƙananan fayiloli suna wucewa lafiya, manya kuma suna maƙalewa. Dalilin sananne ne: kullewar da ramin ke yi tana ƙara wa kowane ƙunshi nauyi har ya zarce bait 1500 da hanyar ke ɗauka. An rage girman ƙunshin a bakin ramin ta ɓangarorin biyu, saurin ya daidaita.

Sabobin Active Directory guda biyu, waɗanda ke tantance ma'aikata da kwamfutoci kafin su shiga, mun cire su daga jerin, don haka saura 36. Maimakon a yi musu takwara, an gina sabuwa a Abuja tana aiki tun yanzu, tana daidaita kanta da na Kano ta hanyar da aka tsara mata tun asali. Tayar da tsohon hoton irin wannan saba kusa da 'yan'uwanta masu rai yana iya rikita lissafin canje-canjensu, kuma ko da yake Windows Server ya samu kariya daga wannan tun fitowar 2012, ban ga dalilin dogara da kariya a inda za a iya kauce wa haɗarin gaba ɗaya ba.

Talata, 20 ga Mayu

An mayar da kwafin daren rumbun bayanai zuwa wani faifai dabam da aka cire daga aikin daidaitawa, an mayar da gina fihirisa mako-mako kuma ga waɗanda suka wargaje kawai, bidiyon kyamarori kuma ya koma na'urarsa. Canjin rana ya sauka zuwa kusan gigabait 170, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na rabonmu a layin. Mai kula da rumbun bayanai bai so a taɓa tsarinsa ba da farko, kuma yana da hujja, domin shi za a fara kira idan rahotanni suka yi nauyi da safe. An bar shi ya auna da kansa har ya gamsu.

Asabar, 24 ga Mayu

An fara ɗaukar kwafin tushe tun daren jiya zuwa na'urar ajiya ta NAS mai fayafayai shida na terabait 8 kowanne, a tsarin RAID 6, wanda ke jure mutuwar faifai biyu a lokaci ɗaya. Na nace a kan wannan tsari ne saboda hanya, domin faifai mai juyawa da ya sha girgiza daga Kano zuwa Abuja yana iya tashi lafiya ya mutu a tsakiyar karatu. An haɗa na'urar da layin gigabit 10, tana karɓar kusan megabait 400 a daƙiƙa, kuma an tsara aikin yadda kowace saba za ta samu nata jerin fayiloli dabam, domin lalacewar fayil ɗaya kada ta shafi sauran.

Duk fayilolin a kulle suke da tsarin sirranta bayanai na AES-256, makullin kuma yana cikin sabar gudanarwa da ke Abuja, ba ya cikin akwatin da zai hau mota. A cikin fayafayan nan akwai sunayen mutane da lambobinsu na BVN da NIN da tarihin kuɗinsu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, amma ko babu doka, amanar da aka ba mu ba ta halatta a ɗora ta a bayan mota a buɗe ba.

An kuma aika takarda ga dukkan masu kula da sabobi cewa daga yau har a sanar da kammala daidaitawar farko, kada a faɗaɗa faifai, kada a ƙara sabo, kada a kwaso manyan fayiloli daga wani wuri.

Litinin, 26 ga Mayu

Jiya na'urar ta wuni tana lissafa lambar tantancewa ta SHA-256 ga kowane babban fayil. Yau da daddare, bayan rufe lissafin rana, an ɗauki ƙarin ajiya na ƙarshe a kanta domin kwafin ya bar Kano da ɗanyen bayani gwargwadon iko, aka lissafa lambobin ƙananan fayilolin, aka buga jerin a takarda biyu. An kashe na'urar ta hanyar umarninta, aka jira fayafayan suka tsaya cak, aka zare su ɗaya ɗaya, aka rubuta wa kowanne lambar ramin da ya fito da alƙalamin maka, aka sa shi a ledarsa ta kariya sannan cikin akwatin soso. An ɗaure akwatin da hatimin roba mai lamba, ni da jami'in binciken cikin gida muka sa hannu a takardar miƙa kaya. Daga ƙarfe 11:40 na daren nan kwafin ya fara tsufa, kuma duk awar da za a ɓata daga yanzu layi ne zai biya ta.

Talata, 27 ga Mayu

Motar ta tashi bayan sallar asuba da direba da injiniya ɗaya, ta bi Zariya da Kaduna, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. An sa akwatin a kujerar baya an ɗaure shi da bel, ba a but ba, saboda zafin Mayu da kuma ramukan sashen Kaduna zuwa Abuja inda ake aikin sake gina hanya. Sun isa da azahar, lambar hatimi ta yi daidai da ta takarda. Terabait 10 a cikin awa bakwai ya kai kusan gigabit 3 a daƙiƙa, ninki talatin na layinmu, sai dai wannan lissafi yana ruɗar wanda bai haɗa da lokacin cika na'urar da na juye ta ba. An bar fayafayan wasu awanni su ɗauki sanyin ɗakin kafin a mayar da su ramukansu, kuma dukkan shidan sun tashi.

Laraba, 28 ga Mayu

Lambobin tantancewa sun dace da na Kano baki ɗaya. An sa na'urar ta lissafa su a cikinta, domin an tarar cewa ramin da aka tanadar mata a suwic ɗin Abuja, wato na'urar da ake jona wayoyin sadarwa, na gigabit ɗaya ne, kuma abin da ake saka wa a ramin gigabit 10 ɗin ba ya hannu. A gigabit ɗaya, karanta terabait 10 yana cin fiye da awa 22 ko da babu abin da ya tsaya. Shugaban sashe ya kira yana tambaya ko a jira a sayo kayan, na ce masa, "Ranka ya daɗe, jiran zai fi ratar tsada, gara mu fara da abin da ke hannu." Ya amince.

Ba mu kwafe fayilolin zuwa wata taska ba. An yi wa na'urar rajista kai tsaye a matsayin taskar ajiya, aka sa manhajar ta bincika ta, ta gane dukkan jerin 36. An raba aikin gida uku. Rukunin farko sabobi tara ne da hidimar abokan hulɗa ba ta yiwuwa sai da su, kuma su aka fara sakewa da yammacin nan.

Litinin, 2 ga Yuni

Tafiyar farko ta kowace saba mataki uku ce, kuma wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka aikin ya tsaya. Da farko manhajar tana gina takwarar daga kwafin tushe a ma'ajiyar Abuja. Sannan tana karanta faifan takwarar daga farko zuwa ƙarshe tana lissafa lamba ga kowane gutsure, a wannan lokaci kuwa layin Kano shiru yake kamar ba a komai. Daga nan ne take karanta faifan asali a Kano tana kwatantawa, ta aiko da gutsattsarin da lambarsu ta saɓa kawai. Mataki na biyu ya ci lokaci fiye da yadda aka tsara, domin ma'ajiyar Abuja tana rubuta sababbin takwarori tana kuma karanta waɗanda aka gama a lokaci guda. Da aka rage yawan fayafayan da ake sarrafawa tare daga takwas zuwa huɗu, jimillar saurin ta ƙaru.

Akwai abu ɗaya mai daɗi a lissafin tsufan kwafi. Mako guda na canjin gigabait 170 a rana ya kamata ya ba da kusan gigabait 1,200, amma abin da ke fitowa ya yi ƙasa da haka sosai, saboda rumbun bayanai yana yawan sake rubutu a wuri ɗaya, kuma gutsuren da aka canza sau hamsin sau ɗaya ake aika shi. Sai dai ƙarshen wata ya faɗo a tsakiyar aikin: biyan albashi da rufe lissafin Mayu sun ninka canjin babbar sabar a ranakun Alhamis da Juma'a. Ranar Asabar kuma layin ya yanke tun hantsi har bayan isha'i, kamfanin da ke ba mu shi ya ce masu haƙa ne suka tsinke wayar faiba. Takwas daga cikin tara na rukunin farko sun kammala duk da haka.

Laraba, 4 ga Yuni

Ta taran, wato babbar sabar rumbun bayanai, ta koma lissafin lambobi daga farko. Faifanta ya kusa cika a daren rufe wata, wanda ke bakin aiki ya ƙara masa gigabait 200 domin kada hidima ta tsaya, kuma canjin girman faifai yana sa a sake lissafin gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba, domin a wannan dare abin da ya yi shi ne daidai. Gyaran da ya dace shi ne a duba sararin da ya rage a kowane faifai kafin a kafa dokar hana faɗaɗawa, kuma an yi wa sauran rukunai biyun wannan duba yau.

Talata, 10 ga Yuni

Hutun Babbar Sallah, daga Juma'a 6 ga wata zuwa jiya Litinin, ya zo mana a kan gaɓa. Da yake rassa a rufe suke, an ɗage takunkumin layi zuwa megabit 90 dare da rana, kusan gigabait 970 a kwana, canjin da ake samarwa kuma ya ragu ƙwarai. Injiniyoyi biyu suka raba tsaro tsakaninsu, ɗaya ya yi yanka ya dawo, ɗaya ya karɓe shi washegari. Zuwa daren Lahadi dukkan 36 sun gama tafiyar farko, kuma daga nan CBT ya karɓi aiki.

Jadawalin yanzu shi ne rukunin farko kowace awa, na biyu kowace awa huɗu, na uku sau ɗaya da dare. Manhajar tana iya riƙe wa kowace takwara matakan komawa baya har 28, mu mun tsaya a 12 ga rukunin farko da 7 ga sauran, domin kowane mataki hoton faifai ne da ke cin wuri a ma'ajiya. Riƙe su yana da muhimmanci saboda takwara tana kwafar ɓarna kamar yadda take kwafar alheri: idan manhajar masu garkuwa da bayanai ta kulle fayiloli a Kano da ƙarfe 10, zuwa ƙarfe 11 kullallun fayilolin suna Abuja. Saboda wannan dalili kwafin ajiya na dare yana nan yadda yake, ba a rage masa komai ba.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne awannin rana. Megabit 30 gigabait 13.5 ne a awa, kuma yau tsakanin ƙarfe 10 da 12 rukunin farko ya samar da kusan 9 a kowace awa. Akwai sarari a rana irin ta yau, amma ranar albashi za ta cinye shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Gwajin tayarwa na farko. An yi shi a keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa da ba ta ganin Kano ko intanet, aka sa kwafin sabar Active Directory ta Abuja a ciki domin sauran su samu wanda zai tantance su. Tsarin tashi ya bi jeri: rumbun bayanai, sannan sabobin manhaja, sannan na shafin abokan hulɗa, da tazarar mintuna tsakaninsu. Rumbun bayanai ya tashi babu gyara, abin da ya tabbatar da amfanin sa Windows ya tsayar da rubutu ta hanyar VSS kafin a ɗauki kowane hoto. Sabobin Windows sun karɓi sababbin lambobin IP na Abuja bisa ƙa'idar da aka rubuta musu, na Linux guda biyu kuma aka canza musu da ɗan rubutun umarni da muka tanada.

Bakwai sun yi aiki, biyu sun tashi amma ba su yi komai ba. Ɗaya tana neman rumbun bayanai da tsohuwar lambarsa ta Kano, wadda aka rubuta kai tsaye a fayil ɗin saiti shekaru da suka wuce maimakon a sa suna. Ɗayar kuma lasisinta yana ɗaure da lambar katin sadarwa, wadda ta canza a takwarar. Allon manhaja ya nuna wa dukkansu kore tun ranar Lahadi, sai an gwada akan san na ƙwarai. An gyara ta farko a Kano domin gyaran ya biyo layi da kansa, ta biyu kuma an rubuta wa masu lasisin.

Hajiya shugabar sashen kuɗi ta zauna da kanta ta buɗe asusu biyar da ta zaɓa, ta kwatanta ragowar kuɗinsu da abin da ke Kano, ta sa hannu. Daga umarnin farko zuwa sa hannunta awa biyu da minti hamsin ne, hukumar kuma awa huɗu ta ƙayyade.

Talata, 17 ga Yuni

Wannan awa biyu da minti hamsin ba ta haɗa da rassa ba, kuma na rubuta hakan a sarari a rahoton da na miƙa yau. Ramukan IPsec na dukkan rassa a Kano suke ƙarewa, don haka idan ginin Kano ya tafi, sabobi za su tashi a Abuja babu mai isa gare su. Za a fara gina rami na biyu daga kowane reshe zuwa Abuja daga Litinin mai zuwa, a soma da na Zariya da na Katsina, a kuma rage wa'adin da DNS, tsarin da ke mayar da sunan saba zuwa lambarta, ke riƙe adireshi zuwa minti biyar.

An yanke shawarar na'urar NAS ta zauna a Abuja, domin idan ma'ajiyar Kano ta lalace gaba ɗaya, dawowa gida zai buƙaci irin wannan jigila ta ɗaya ɓarin. Buƙatar layi na biyu daga wani kamfani dabam, wanda wayarsa ba ta bin rami ɗaya da ta yanzu, tana gaban hukumar. Amsar masu lasisi ba ta zo ba tukuna. Daga 25 zuwa 30 ga wata za a riƙa rubuta girman kowace tafiyar awa ta rukunin farko da tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma idan ta wuce minti sittin sau biyu a jere, za a nemi a ɗaga rabon rana zuwa megabit 45 kafin albashin Yuli.